Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Lissafin Zama a Ƙauye da Ƙaura Zuwa Ƙasar Waje ga Mai Aiki ta Intanet

A cikin bazarar da ta wuce, bayan an idar da sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zauna a gefen tabarma ya yi shiru na ɗan lokaci. Yaron nan shekara uku ke nan yana rubuta manhaja ga wani kamfani da ke Turai, daga nan ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura, kuma da dala ake biyansa. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Kawu, na gaji. Yau ana tsakiyar taro janareto ya mutu, na tayar da shi da kyar, ina dawowa kuma sabis ya ɗauke. Sai da na ɗauki kwamfuta na tsaya ƙarƙashin darbejiyar bayan gida, ina magana da mutanen Turai awaki suna kuka a bayana. Ina so in bar ƙasar nan." Ya lissafa mini Dubai da Alƙahira da Kigali da Maleshiya, ya ce abokan sana'arsa duk sun watse zuwa can.

Ban hana shi ba, ban kuma goya masa baya ba. Cewa na yi ya kawo littafi da biro mu yi lissafi, domin na lura cewa yawancin masu wannan shawara kuɗin haya da na abinci kawai suke kwatantawa, alhali waɗannan su ne mafi sauƙin gani, ba su ne mafi nauyi ba. Abin da muka gano a cikin makonnin da suka biyo baya shi ne nake so in shimfiɗa a nan, saboda na san a Kazaure da Gumel da Bichi da Rano akwai irinsa da yawa, masu fassara da masu zane da masu rubuta manhaja, waɗanda wannan tambaya take hana su barci.

Tushen maganar shi ne sanin inda ribar mai aiki daga nesa take fitowa. Ba daga yawan albashin kaɗai take zuwa ba, daga tazarar da ke tsakanin kuɗin da ake biyansa da kuɗin da yake kashewa take zuwa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, da aka sake ta ta bi kasuwa kuwa, a farkon 2024 ta haura naira 1,500. A ƙaddara mutum yana samun dala 1,500 a wata, a kuma lissafa ta a kan naira 1,500 domin sauƙi, to naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin ke nan, wato ninkin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau talatin. A ƙauyenmu wannan mutum attajiri ne. Idan ya ɗauki wannan dala 1,500 ɗin ya sauka da ita a Dubai ko Lisbon, babban birnin Fotugal, ya koma cikin masu ƙaramin ƙarfi na garin, ba tare da aikinsa ya ragu ko ƙwarewarsa ta canza ba. Duk wanda zai ƙaura, wannan tazara ce zai sayar, don haka wajibi ne ya san abin da zai karɓa a madadinta.

Ƙasashen da suka buɗe biza ta musamman ga masu aiki daga nesa sun sauƙaƙa mana wani ɓangare na lissafin, domin kowacce ta faɗi mafi ƙarancin kuɗin shigar da take so ta gani kafin ta ba mutum izini. Dubai, wadda ta fara shirinta a 2020, tana neman dala 3,500 a wata. Fotugal ta fito da nata a watan Oktoban 2022, tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinta, wanda a 2025 ya kama yuro 3,480. Maleshiya, a shirinta mai suna DE Rantau, tana neman dala 24,000 a shekara ga masu sana'ar fasahar kwamfuta, wato dala 2,000 a wata. Ni ina ɗaukar waɗannan alƙaluma a matsayin shaidar mai gida a kan gidansa. Hukumar ƙasa ce da kanta take gaya maka cewa wanda bai kai wannan ba zai sha wuya a wurinta, kuma ɗan ƙanwata, da duk arzikin da ake gani yana da shi a nan, bai cika sharaɗin ko ɗaya daga cikin ukun ba. Wannan kaɗai ya rage jerin sunayen da ya zo da su.

Amma bari in tsaya a kan Dubai, domin ita ce ta fi ɗaukar hankalin matasanmu, kuma tana da abubuwan da suka cancanci a so ta. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet yana da ƙarfi, masallaci yana kowace unguwa, abinci halal ne ba sai an tambaya ba, babu harajin albashi a kan mutum, dirhami kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.67, saboda haka abin da ka ajiye ba ya narkewa. Inda gizo ke saƙar shi ne gida. A al'adar garin haya ta shekara ce, ana biya da cak ɗaya ko biyu ko huɗu da mai haya zai rubuta tun ranar shiga. Dillali yakan karɓi la'adar kashi biyar cikin ɗari, mai gida yakan riƙe wani kashi biyar a matsayin ajiya, hukumar birni kuma tana karɓar nata kashi biyar na kuɗin hayar shekara, tana tsinka shi wata-wata a cikin takardar wuta da ruwa. Inshorar lafiya dole ce. Na'urar sanyaya ɗaki ba kayan ƙawa ba ce a garin da zafinsa kan haura digiri 40 watanni a jere. Mai iyali kuwa, makarantar kuɗi zai kai 'ya'yansa, kuma kuɗin makarantar yaro ɗaya yana iya cinye abin da zai riƙe gida guda a Jigawa shekara sukutum. Sannan akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba: kiran murya na WhatsApp a toshe yake a can. Ga wanda mahaifiyarsa ba ta karatun boko, wadda hanyarta ɗaya ta jin ɗanta ita ce ta danna hotonsa ta kira, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai an sake koya mata wata manhajar. Kada kuma a manta cewa daga 2022 har zuwa watan Yulin 2024 ƙasar, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza. Ƙofar da aka taɓa rufewa shekara biyu, mai koren fasfo bai kamata ya ɗora dukan rayuwarsa a kanta ba.

Fotugal ba zan daɗe a kanta ba. Ɗaki da falo a Lisbon da wuya a same shi ƙasa da yuro 1,000 a wata, wanda ya zauna fiye da kwana 183 a shekara ya shiga hannun masu harajinta, harajin kuma mai hawa-hawa ne har zuwa kashi 48 cikin ɗari a matakin ƙarshe. Abin da take sayarwa a gaskiya shi ne takardar zama a Turai da damar da ke biye da ita, kuma wannan ciniki ne na wanda ya riga ya yi ƙarfi.

Maleshiya ta fi dacewa da aljihu da kuma addini. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, shaidar halal a kan abinci hukuma ce take bayarwa, abincin kan titi yana da araha, gidajen haya a Kuala Lumpur sun fi na Dubai sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalarta agogo ne da nisa. Tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka wanda kamfaninsa ke Landan, a lokacin sanyinsu, zai fara aiki ƙarfe biyar na yamma ya tashi ƙarfe ɗaya na dare, ya kwanta ya farka sallar asuba da ido a kumbure. Magariba da isha'i duk a tsakiyar aiki za su riske shi. Mu kuwa a nan agogonmu ɗaya da na Jamus da Faransa a lokacin sanyi, bambancin awa ɗaya ne kawai a lokacin zafinsu, kuma wannan wata ni'ima ce da masu aiki daga nesa a ƙasar Hausa ba su cika sanin darajarta ba sai sun rasa ta. Tikitin zuwa gida daga can kuma ba abin da za a saya don an yi haihuwa ko rasuwa ba ne.

Waɗanda suka fi kusa da ƙarfin ɗan ƙanwata su ne biranen Afirka, kuma a nan ne kwatancin ya fi buƙatar natsuwa. Alƙahira tana da jirgi kai tsaye daga Kano, tana da ɗaliban ƙasar Hausa masu yawa saboda Azhar, musamman a unguwannin Madinatu Nasr, ta yadda baƙo ba zai rasa wanda zai tarbe shi ya nuna masa inda ake sayen gurasa da inda ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala, abin da ya ƙara wa mai riƙe da dala ƙarfi a kasuwa. Sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 jama'a suka kwarara birnin, kuɗin haya ya tashi ƙwarai a unguwannin da baƙi ke zama, kuma baƙo ba farashin ɗan gari ake ba shi ba. Intanet na gida a can da ma'auni ake sayar da shi, idan ya ƙare kafin wata sai a ƙara saye, kuma a 2023 da 2024 su ma sun yi fama da ɗauke wuta na awoyi bisa jadawali. Mafi muhimmanci, Masar ba ta da biza ta masu aiki daga nesa, don haka wanda ba ɗalibi ba zai riƙa zirga-zirgar sabunta izinin zama, da kuɗinta da layinta da zullumin ko za a sabunta ko ba za a sabunta ba. Ga wanda yake so ya haɗa aiki da neman ilimin addini ko na Larabci, Alƙahira ta fi kowanne gari a jerin nan ma'ana. Ga wanda wuta da intanet kawai yake nema, ribar ba ta kai yadda ake zato ba.

Kigali, babban birnin Ruwanda, tana karɓar ɗan Afirka ba tare da kuɗin biza ba na kwana talatin. Gari ne mai tsabta da tsari, iskarsa mai sanyi-sanyi, wuta da intanet sun fi namu tsayawa, agogonta kuma awa ɗaya kawai ya ɗara namu. Amma ƙasar ba ta da teku, duk abin da aka shigo da shi daga waje yana da tsada, gidajen da baƙi ke kamawa sau da yawa da dala ake faɗin kuɗinsu, Musulmi kuma tsiraru ne, sai mutum ya nemi unguwa irin Nyamirambo kafin ya sami masallaci kusa da shi. Kwana talatin kuma baƙunta ce, ba zama ba ce, wanda zai wuce haka sai ya nemi izini na daban.

Accra, babban birnin Ghana, ita ce ba a cika ambata ba, alhali ta fi sauran sauƙin shiga. Fasfon ECOWAS yana ba mutum kwana casa'in ba biza, a Nima da Sabon Zango kuwa da Hausa zai yi ciniki, da Hausa zai ji huɗuba, ya ci shinkafa da waken da suke kira waakye, wanda sunansa ma daga bakinmu suka samo shi. Tsadarta ita ma a gida take, domin masu gidaje sun saba neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar ƙasar wata shida ta amince da shi, kuma hauhawar farashi a can ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disambar 2022, abin da ke nuna cewa ba naira kaɗai ce ke ciwo ba. Maraɗi da Damagaram kuwa, duk da kusancinsu da mu da kuma harshe ɗaya da muke yi, ba su magance komai ba. Sefa a ɗaure take da yuro, saboda haka ba ta da arahar da naira ke ba mai dala, kuma wani babban kaso na wutar Nijar daga Najeriya ake tura shi.

Da muka gama zagaya duniya a kan takarda, sai na tambaye shi abin da yake nema a can wanda babu a nan. Ya yi tunani ya ce wuta, da intanet, da wurin da ba za a dame shi ba. Na ce to bari mu tambayi kuɗin waɗannan ukun a kasuwar gida tukuna, tunda ba a sayen doki a nesa kafin a taya na barga.

Wutar da aikinsa ke ci ba ta da yawa. Kwamfutar cinya ba ta cika wuce wat sittin ba, na'urar Starlink mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam takan ci hamsin zuwa saba'in da biyar, fanka da ƙwai biyu su ƙara kaɗan, jimilla wajen wat ɗari biyu. Aikin awa goma ke nan zai ci kusan kilowat-awa biyu, wanda batirin lithium mai kilowat-awa biyar zai ɗauka har da rara ta kwana, idan an haɗa shi da inbata da faifan sola huɗu zuwa shida. Rana kuwa ita ce abin da Allah ya wadata Jigawa da shi. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu, kuma ba ruwansa da ko akwai ƙarfen sabis a kusa, sarari kawai yake so a samansa. Na'urar ta haura rabin miliyan, kuɗin wata kuma ya kai naira 57,000 a 2025. Da muka shiga Kano muka taya kaya a Sabon Gari da titin Beirut, muka haɗa sola da batir da inbata da na'urar intanet da kuɗin mai haɗawa, abin da ya kama bai wuce albashinsa na wata biyu zuwa uku ba, kuma saye ne na sau ɗaya wanda zai yi shekaru yana aiki. Kuɗin da zai kashe kafin ya kwana ɗaya a ɗakinsa na Dubai, tsakanin fasfo da tikiti da biza da inshora da cak na farko da la'ada da ajiya, ya fi wannan, kuma bayan shekara sai ya sake biyan mafi yawansa.

Ba zan ɓoye aibin wannan zaɓi ba, domin na gan shi da idona. A hunturu ƙura takan rufe faifan sola cikin kwana biyu, sai an hau da tsumma da ruwa an goge, in ba haka ba caji ya ragu. Zafin bazara yana rage wa batir kwana idan aka ajiye shi a ɗakin kwano mara iska. Idan hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa, Starlink yakan yanke na ɗan lokaci, tsawa kuma tana iya ƙona inbata idan ba a binne ƙarfen kariya yadda ya kamata ba, don haka dole a riƙe layin waya na biyu, ga shi kuma kuɗin data ya tashi tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Idan wani abu ya lalace, gyaransa yana Kano, yini guda ya tafi. A daminar 2022 ambaliya ta yanke hanyoyi a yankin Ringim da Haɗeja, wanda yake da aiki a hannu a irin wannan lokaci sai ya yi da abin da ke gabansa. Babban asibiti yana Dutse ko Kano, kuma wannan gaskiya ce mai nauyi ga mai mata mai ciki ko tsohuwa mai hawan jini. Farar na'ura a kan rufin gida kuma sanarwa ce cewa akwai kuɗi a gidan, don haka gara a sa ta can ciki a tsakar gida, a kuma kama baki game da albashi. Haraji ma bai bar na gida ba: dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, mai fara aiki daga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, sauran kuma yana hawa har zuwa kashi 25 cikin ɗari, kuma mazaunin Najeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga ina ya fito.

Na ukun, wato wurin da ba za a dame shi ba, shi ne mafi wuyar saye a ƙauye, kuma ina ganin shi ne ainihin abin da ke korar matasan nan, ko da ba su faɗa ba. A wurinmu wanda yake cikin gida ba ya aiki. Ana tsakiyar taro za a yi sallama a ce ya zo ya kai mara lafiya a babur, ko ya duba wa wani saƙon banki, ko a ce baƙi sun zo gaisuwa, kuma ba zai ce ba shi da lokaci ba tare da an ce ya yi girman kai ba. Wasu ma har yau ba su yarda halal yake ci ba, tunda ba a ga shago ba, ba a ga ofis ba. Maganin wannan ba a Kigali yake ba, a bakin manya yake. Ni da kaina na je na sami mahaifiyarsa da baffanninsa na yi musu bayani cewa daga ƙarfe tara zuwa la'asar a ɗauka yaron nan yana Kano. Wanda bai sami mai tsaya masa haka ba, akwai matsakaiciyar hanya, ya kama ɗaki a Dutse ko Kano ya riƙa yin kwana huɗu ko biyar a can yana dawowa ƙarshen mako. A birni akwai layukan wuta na rukunin A da aka yi wa alƙawarin awa ashirin a rana, waɗanda aka ɗaga kuɗinsu zuwa naira 225 kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024. Da tsada, amma da naira ake biya, kuma gida yana nesa da shi da awa ɗaya ko biyu kawai a mota.

Akwai kuma layin da ba ya fitowa a duk wani kwatancin tsadar birane da ake gani a intanet, domin waɗanda suka tsara su mutum ɗaya da jakarsa suke nufi. Bahaushe idan ya ƙaura ba ya rufe gidan da ya bari. Cefanen mahaifiya yana nan, takin damina yana nan, kuɗin makarantar ƙanne yana nan, gudummawar biki da suna da ragon layya duk suna nan, har ma sukan ƙaru, saboda wanda aka ce yana ƙasar waje ana ɗaukarsa ya fi na da samu, ko da a can ɗaki ɗaya suke rabawa su uku. Idan ya tafi shi kaɗai ya bar matarsa da 'ya'yansa, tukunya biyu yake ɗorawa kullum, ga haƙƙin aure da ya rataya. Idan ya tafi da su, kowane kuɗi ya ninka da yawan kawunansu, daga fasfo, wanda tun watan Satumbar 2025 ƙaraminsa ya koma naira 100,000 babbansa 200,000, har zuwa tikiti da inshora da makaranta. A gida kuwa akwai abubuwan da yake ci ba tare da ya sa su a lissafi ba: ɗakin da ba ya biyan haya, gero da dawa daga rumbu, kuka da kuɓewa daga bayan gida, kakar da ke riƙe yara, maƙwabcin da zai tashi tsakar dare idan an buga ƙofa. Kowane ɗayan waɗannan a ƙasar waje yana da farashi. Akwai kuma wanda ba shi da farashi ko kaɗan. Mu muna binne mamacinmu a ranar da ya rasu, kuma wanda ke Kuala Lumpur ko Lisbon ba zai sami jana'izar mahaifiyarsa ba, komai kuɗinsa.

Sannan a duba ranar da aikin zai tsaya, domin irin wannan aiki kwantiragi ne, ana iya yanke shi da sanarwar mako biyu, kamar yadda dubban ma'aikatan kamfanonin fasaha suka gani a 2022 da 2023. Wanda hakan ta same shi a ƙauye zai rage kashe kuɗi, ya ci daga rumbu, ya nemi wani aikin a natse ko da zai ɗauki wata shida. Wanda ta same shi a Dubai da cak uku a hannun mai gida, kuma izinin zamansa ya dogara da shaidar albashi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, cak ɗin da ya dawo babu kuɗi kuma yana iya kai shi gaban kotu. Haka nan ba kowane kamfani ne ke yarda ma'aikacinsa ya canza ƙasa ba, saboda dokokin haraji, wasu kuma da wurin zama suke auna albashi. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa kamfani a rubuce kafin a sayi tikiti.

Duk da haka akwai wanda tafiya ta fi masa, kuma zalunci ne a ƙi faɗa. Wasu kamfanoni ba sa ɗaukar wanda adireshinsa ke Najeriya, wasu hanyoyin karɓar kuɗi suna taƙaita mu, wasu ayyukan kuma ba a samunsu sai an haɗu da mutane ido da ido. Wanda yake da hujja a hannu cewa takardar zama a wata ƙasa za ta ninka abin da yake samu, tafiyarsa jari ce. Wanda albashinsa zai zauna yadda yake, wurin kashewa ne kawai zai canza, tafiyarsa ciye-ciye ce daga uwar kuɗi. A nawa ganin, wanda bai kai dala 2,000 a wata ba ya zauna ya gyara wutarsa da intanet ɗinsa, ya tara. Wanda ke tsakanin wannan da dala 3,500, idan ba shi da nauyin iyali mai yawa, ya gwada Accra ko Kigali ko Alƙahira na wata ɗaya zuwa uku ba tare da ya kama hayar shekara ba. Dubai da Fotugal kuwa na wanda ya haura haka ne, wanda kuma yake da ajiyar da za ta riƙe gidajensa biyu wata shida ko da aiki ya tsaya. Sharuɗɗan biza suna canzawa, don haka a karanta su daga shafin hukumar ƙasar a ranar da za a nema, kada a dogara da dillalin da zai ce a kawo kuɗi shi ya san hanya.

Ɗan ƙanwata ya zaɓi ya gyara tsohon ɗakin ajiyar hatsi da ke ƙuryar gidan, ya yi masa silin da taga biyu masu fuskantar juna, ya ɗora faifan sola shida a kan rufin, ya girke farar na'urar a tsakar gida bayan turken awaki inda ba a hango ta daga waje. Ƙaninsa ne ke hawa ya goge faifan duk bayan kwana biyu, shi kuma yana biya masa kuɗin makaranta. Bai fasa son ganin duniya ba. Ya ce bayan an gama girbi zai je Kigali ya yi kwana talatin ɗin nan, da littafin da muka yi lissafi a ciki, ya rubuta duk abin da ya kashe tun daga kuɗin mota zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano har zuwa ruwan shan da zai saya, ya dawo mu sake zama. Mahaifiyarsa ta ce ta yarda, da sharaɗin ya dawo kafin azumi.